Amsa ga mai wa'azin da ya karaya a Maraɗi

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabta sun daina gaishe ka, masu zuwa sujada sun ragu, har kana tunanin ajiye aikin. Fara rarrabe damuwar.

In gajiya ce, karanta 1 Sarakuna 19 a Littafi Mai Tsarki: sai da annabi Iliya ya ci, ya yi barci, sannan Ubangiji ya yi masa magana a dutsen Horeb. Ware yini ɗaya a mako ka huta.

Rikicin cikin ikilisiya, bi Matiyu 18:15-17: kai da mutumin da kuka saɓa tukuna, sannan ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. Kada ka yi masa habaici a wa'azi, wannan ke watsa jama'a.

Maƙwabta kuwa, ci gaba da zuwa suna da ta'aziyya, ka rage ƙarar lasifika. In barazana ce, sanar da dattawan ikilisiya da mai unguwa a ranar.