Amsa ga Kawu kan tsohuwar motar da muke kiwo a Ingila

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya. Saƙon muryar da kuka turo bayan Sallah ya iso, sau uku na saurare shi. Na tura hoton yara a ƙofar gida, idonku ya tsallake su ya sauka kan motar da ke bayansu. Kuka ce shekara ashirin da ɗoriya ina Birmingham amma abin da ke ƙofata mota ce mai ƙofa biyu wadda ta girmi babban ɗana, kuma an ba ku labarin duk Asabar ni da wasu 'yan'uwa Hausawa muna kwance a ƙarƙashinta. Kuka tambaya ko wani abu ne ya same ni nake ɓoyewa. Na san ƙauna ce ta sa kuka tambaya, shi ya sa na zauna in rubuta muku a tsanake.

Alhamdulillahi, asiri a rufe yake. Akwai motar gida mai kujera bakwai, ita ke kai yara makaranta da islamiyya, ita ke zuwa cefane. Waccan ta hoton kuwa kiwo ce, haka muke kiran abin a tsakaninmu. Kun san maƙwabcinmu na da, wanda ya ɗaure doki a zaure shekara da shekaru, yana saya masa harawa da dusa da kanwa, yana wanke shi da hannunsa, alhali hawan da zai yi masa na gaske bai wuce na Sallah ba, ranar Hawan Daushe da na Nasarawa. Ba wanda ya taɓa cewa don ya rasa babur ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A nan ba turke ba harawa, sai muka samu abin da ya maye mana gurbinsa.

Sunanta Nissan 200SX, ƙirar 1998. A Japan Silvia ake ce mata, a Amurka 240SX, kodayake ta Amurka injinta daban ne kuma ba shi da turbo. Tawa tana ɗauke da injin da ake kira SR20DET, lita biyu, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 200 daga kamfani, giya biyar ta hannu. Ƙafar baya ke tura ta, kamar Fijo 504 ɗin da kuka yi shekaru kuna ja tsakanin Kano da Kaduna, don haka na san za ku gane daɗin da nake nufi idan na ce mota tana turo mutum daga baya a kwana maimakon ta ja shi da hanci. Turbo kuwa fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke ɗura iska cikin inji. Iska ta yawaita, a ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Idan an sha gudu ba a kashe ta nan take, sai an bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali baƙin mai ya sanyaya turbon, kamar yadda ake zagayawa da doki bayan sukuwa kafin a ɗaure shi.

Irin waɗannan motocin suna da yawa: Toyota Supra da Celica da MR2, Mazda RX-7, Honda Prelude da Integra, Nissan Skyline da 300ZX. An ƙera su lokacin da kamfanonin Japan ke gasar nuna gwaninta, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 har 2004 suna da wata fahimta a tsakaninsu cewa ba mai tallata motar cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Saboda haka aka samu injuna masu ƙwari waɗanda za su iya ɗaukar fiye da abin da aka ɗora musu. Ingila ta samu rabo mai yawa domin ita da Japan duk a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, ga shi kuma gwajin mota na Japan yana da tsada, mutane kan rabu da mota tun da sauran ƙarfinta. Yadda 'yan Kwatano suka cika mana tituna a gida, haka na Japan suka riƙa shigowa nan. Ni na sayi tawa a 2011, lokacin ana yi mata kallon tsohuwar mota kawai, da kuɗin da bai kai albashina na wata biyu ba. Yanzu farashinta ya ninka. Masu wasan zamiya da mota sun farfasa da yawa, tsatsa ta cinye wasu, sannan dokar Amurka ta ba da damar shigar da motar waje da zarar ta cika shekara 25, sai masu saye suka ƙaru a kan na Japan, abin ya taɓa kowa.

Akwai wani abu game da mota a ƙasar nan da ya kamata ku sani, Kawu. A gida idan aka ga mutum da sabuwar mota an san ya tara ya biya. A nan mafi yawan sababbin motocin da ke kan titi bashi ne, ana biya wata-wata da kuɗin ruwa a kai. Da yawa daga cikinmu muna gudun wannan saboda riba, mukan sayi wadda aljihu zai iya biya lakadan. Shi ya sa a cikinmu ba a auna mutum da shekarun motarsa. Wanda ya riƙe tsohuwa tsaf, ba ɗigon mai ba ƙara, an fi tsayawa a duba tasa a bakin masallaci ranar Juma'a.

Babban abokin gaba a nan tsatsa ce, kuma ita ce abin da mutumin Kano ba zai yi saurin ganewa ba. A wurinku rana da ƙura da ramuka ke kashe mota, jikinta kuwa sai ya shekara talatin lafiya. A nan da hunturu ana watsa gishiri a kan titi don kada ƙanƙara ta daskare, ruwan gishirin ya fantsama ƙarƙashin mota ya zauna a lungunan da ido ba ya gani. Irin tawa tana da wuraren da kowa ya sani: dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, bakin tayoyin baya, kasusuwan shasi, da inda kan shokozoba ke zama a gaba. Wanda ya sayar mini ya shafe ƙarƙashinta da baƙin fenti mai kauri, na duba na ga sumul. Bayan shekara biyu na sa sukundireba na danna, ta shige kamar cikin biredi. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Gareji a nan da awa ake biya, a manyan wurare awa ɗaya takan haura fam 100, kuma aikin walda kwanaki yake ci. Ko dai in rabu da ita ko in koyi aikin. Na shiga ajin walda na yamma, na yi wata da watanni ina ƙona ƙarfen banza kafin in yarda in taɓa jikinta. A yanke ruɓaɓɓen har sai an tarar da ƙarfe mai haske, a yanko sabo daidai wurin, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana tsallakawa don kada zafi ya lanƙwasa shi, a goge, a shafa maganin tsatsa, a fesa kakin kariya cikin kogon. Tun daga nan ba ta ƙara taka gishiri ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ina sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA cewa na ɗauke ta daga kan titi, harajinta ya tsaya, ta kwana a rufe.

Dokoki ma suna da yawa. Kusan duk motar da ta wuce shekara uku sai ta je gwajin MOT kowace shekara, a ɗaga ta a duba birki da fitilu da tsatsa, a sa na'ura a salansa a auna hayaƙi. Abin nan mai tace hayaƙi a salansa da kanikawan gida ke kira indomi, wanda ake yawan cirewa a sayar, a nan idan babu shi mota ta faɗi. Haka tamosta da ake cirewa a haɗa fanka kai tsaye, a sanyin nan inji ba zai taɓa kai zafin da yake buƙata ba, sai shan mai da lalacewa. Duk abin da mutum ya canza a mota dole ya gaya wa kamfanin inshora, in ya ɓoye aka yi haɗari suna iya ƙin biya. Tun Yunin 2021 idan na shiga da ita tsakiyar Birmingham sai na biya fam 8 na ranar saboda hayaƙin tsofaffin motoci, a Landan fam 12.50 ne. A Satumbar 2021 aka sauya man da kowa ke sha zuwa E10 mai yawan sinadarin etanol, wanda ke cin tsofaffin robobi da tiyo, don haka ita ɗaya man mai tsada, mai ƙarancin etanol, nake ba ta.

Kun ji an ce muna "ƙara musu wuta". Gaskiya ne, amma da tsari, kuma a kan wannan nake da zafi da matasanmu. Yaro ya sayi mota yau, gobe yana neman ƙarin doki hamsin, alhali robobin ƙafafunta tun na kamfani ne sun farfashe. Ni na shekara uku ban ƙara mata komai ba sai mayar da ita yadda take: bushin, shokozoba, tiyon birki, lagireto, fulogi, famfon mai. Bayan nan taya mai kyau da birki mai kamu. Sai a ƙarshe aka zo kan inji, aka buɗe mata salansa, aka cire ƙaramin lagireton iska da kamfani ya ɓoye a gefe aka sa babba a gaba, aka ƙara matsin turbo kaɗan, aka kai wa masani ya daidaita kwamfutar injin a kan na'ura don mai ya yi daidai da iska. Wanda ya ƙara iska bai ƙara mai ba fistin zai narke masa. Wannan injin ma yana da wani hali, tukunyar baƙin mansa tana ƙasa sosai, idan ta bugi dutse ta lotsa sai ta toshe bakin da ke zuƙo mai, inji ya ƙone mutum bai sani ba. Shi ya sa ban yarda da sauke mota har ta riƙa shafar ƙasa ba.

Na san abin da ke ranku shi ne wasan mota irin na biki, yara su tare titi suna juyi har a rasa rai. Zamiyar nan daga hanyoyin duwatsun Japan ta fito, mutane irin su Keiichi Tsuchiya suka mayar da ita wasa mai ƙa'ida a fili. A Birmingham akwai umarnin Babbar Kotu da ya hana taron tsere a titi, wanda ya karya yana iya shiga kurkuku. Mu mai son gudu sai ya biya kuɗi ya shiga filin tsere kamar Donington Park ko Silverstone, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Ni sau biyu nake zuwa a shekara.

Yanzu ga abin da ya fi riƙe ni. Ƙasar nan ba majalisa, Kawu. Ba dakali, ba inuwar darbejiya, da hunturu ƙarfe huɗu duhu ya yi kowa ya kulle ƙofarsa. Mutum zai iya wata bai yi hira da Hausa ba in ban da matarsa. Mu shida ne muka haɗa kuɗi kamar adashe muka kama hayar wani ɗan shago a unguwar masana'antu: akwai likita, akwai direban tasi, akwai malamin jami'a, akwai ɗan Damagaram, akwai ɗan zangon Kumasi. Jak da injin walda da sifanu na kowa ne. Akwai butar shayi da darduma a kusurwa, Azahar ta yi a wanke hannu a yi sahu. Wasu da ba ruwansu da mota suna zuwa don hira kawai. A nan ake jin wanda ya rasa aiki, wanda mahaifiyarsa ke asibiti a gida, wanda ɗansa ya fara bin abokan banza, a san yadda za a yi. Ranar da za a sauke giyabos kuwa kowa sai ya sa hannu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban jikanku shekararsa goma sha bakwai. A gida in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, abin yana ci mini rai. A shagon nan na fara jin ya ce "miƙo mini sifana sha huɗu" ba tare da ya yi tunani ba, saboda dattawan wurin ba sa amsa masa in ba da Hausa ba. Ya san gaisuwa yanzu, ya san a rusuna, kuma ya iya canza kuloci.

Ba kowa ne ya yarda da mu ba. Wani dattijo da muke girmamawa ya taɓa ce mana almubazzaranci ne, ga 'yan'uwa a gida cikin yunwa. Maganarsa ta shige ni, kuma ina ganin akwai gaskiya a ciki, domin na ga wanda kiwon nan ya cinye masa kuɗin haya. Daga nan muka yi wa kanmu sharaɗi: ba a cin bashi don mota, kuma ba a sayen ko da kusa ɗaya sai an fitar da na gida, da na makarantar yara, da aiken da ake yi muku. Watan da babu rara, mota ta jira. Tawa ta taɓa wata tara a kan ƙarfen tokare, shekarar da aka yi wa Inna aiki.

Kun ce in ta gaji in turo muku. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, ga ta ƙasa-ƙasa, kuma kayanta zai yi wuya a same su ko a Kofar Ruwa. Amma akwai abin da nake roƙo. Ɗan Damagaram ɗin nan ya samo wata 504 da ta shekara da shekaru a rumbun wani manomi, kaburatonta ya gagare mu, in ta yi zafi sai ta riƙa mutuwa a tsaye. Na ce musu ina da Kawun da ke gane ciwon Fijo da kunne. Asabar mai zuwa bayan La'asar ɗinku zan kira ta bidiyo in kara wayar kusa da injin, in kun samu sarari. A gaishe mini da Inna da su Gwaggo, yara suna gaishe ku.