Fatawa: Hukuncin Sayar da Littafin Koyon LibreOffice da Masu Sa-kai Suka Rubuta

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Makka. Na fassara wani sashe na littafin koyon Writer, ɓangaren rubutu na manhajar LibreOffice, zuwa Hausa domin Allah, na sake shi bisa sharuɗɗan da na tarar da asalinsa a kai. Yanzu wani ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu ya buga shi yana sayar wa ɗalibai da alhazai, ya cire shafin sunayenmu ya sa sunan shagonsa. Shin cinikinsa halal ne? Ina da ikon janye izinina? Kuma neman a mayar da sunana bai zama riya ba?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah ya saka maka da alheri, ɗana, domin abin da ka yi yana cikin ilimin da ake amfana da shi, wanda hadisin Muslim ya nuna ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa.

Shari'a ta amince cewa marubuci yana da haƙƙi a kan abin da ya wallafa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta tabbatar da haka a zamanta na 5 a Kuwait cikin 1988, inda ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne, bai halatta a keta shi ba. To wanda ya mallaki haƙƙi yana da ikon yafe wani yanki nasa ya riƙe wani, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake kira lasisi.

LibreOffice ta fito a 2010, lokacin da masu sa-kai suka ware daga manhajar OpenOffice.org bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun da ke da ita, kuma gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da ita. Littattafan koyonta ana sakinsu ne a kan zaɓi biyu, ko lasisin GPL bugu na 3, ko Creative Commons Attribution bugu na 4.0. Dukansu sun ba kowa damar kwafa da gyarawa da sayarwa, kuma babu wanda ya yarda a goge shaidar masu aikin. Na biyun ya shar'anta a ambaci marubuta, a nuna lasisin, a kuma bayyana in an canza wani abu.

Saboda haka sayarwar ita kanta halal ce, ko da bai ba ka ko riyal ɗaya ba, domin kai da waɗanda suka gabace ka kun ba da wannan izini tun farko, shi kuma ya kashe takarda da tawada da kuɗin hayar shago. Wanda ya haƙa rijiya ya ce kowa ya ɗiba, ba shi da hujjar hana ɗan garuwa sayar da abin da ya ɗauko a kafaɗarsa. Na san abin yana da ciwo a zuciya, amma ciwon ba ya canza hukunci.

Cire sunayen ne haramun, kuma a nan nake son mai shagon ya saurara da kyau. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ya kuma siffanta mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafin ƙarya biyu, kamar yadda wannan hadisi na biyu ya zo a Bukhari da Muslim. Izinin da aka ba shi mai sharaɗi ne, idan sharaɗin ya faɗi izinin ya faɗi, don haka kwafin da babu sunaye bai halatta ya ci gaba da sayar da shi ba sai ya gyara. Kasancewar wasu marubutan asali ba Musulmi ba ne bai rage komai ba, domin amana ana mayar da ita ga mai ita ko wane ne shi.

Game da janye izini kuwa, ba ka da wannan iko a kan abin da ya riga ya fita. A mazhabar Malikiyya kyauta tana lizimta da furuci, a wurin jumhuru kuma da karɓa, ga shi nan mutane sun sauke littafin sun karɓa, lasisin da kansa kuma ya faɗi cewa ba a warware shi.

Neman a mayar da suna ba riya ba ne, riya tana cikin niyya. Malamai sun ce yana daga albarkar ilimi a jingina magana ga mai ita, kuma ɗalibin da ya ci karo da kuskure a fassarar yana bukatar sanin wanda zai tuntuɓa. Idan ka ji tsoro a ranka, kana iya yafe ambaton sunanka kai kaɗai, amma ba ka da ikon yafe na sauran.

Ka same shi a keɓe, ka nuna masa shafin lasisin cikin ladabi, domin wataƙila bai taɓa karanta shi ba. Creative Commons 4.0 yana mayar wa mutum izininsa idan ya gyara saɓawar cikin kwana 30 daga ranar da ya gane ta. Ya buga shafin sunayen da bayanin lasisin, ya manna a cikin kowane kwafin da ya rage a shagonsa, sannan ya ci gaba da kasuwarsa. Allah ne mafi sani.