Amsoshin Tambayoyinku: Yaro da Baƙuwar Kalma a Cikin Karatu

Wata malama da ke koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare a Gusau ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ɗalibaina da zarar sun ci karo da baƙuwar kalma sai su tsaya cak, su ce Malama mene ne wannan? Ƙamus ɗaya gare mu a makarantar. Yaya zan koya musu su riƙa gano ma'ana da kansu?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Yaran nan naki sun riga sun iya abin da kike son koya musu, ba su dai san sun iya ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ki rubuta "gari" a allo ita kaɗai, ki ce su karanta. Wani zai ja wasalin farko, wani zai gajarta shi, gardama ta kaure. Sannan ki rubuta "Inna ta tankaɗe garin masara", a ƙasa kuma "Baba ya sauka a garin Katsina". Ba wanda zai yi kuskure. To ki tambaye su: wa ya gaya muku? Za su ce "tankaɗe", za su ce "sauka". Nan ne darasin ya fara. Maƙwabtan kalma su ne suke tona asirinta, abin da masu nazari ke kira muhallin kalma.

Daga nan ki shiga da su gonar "ci". An ci kasuwa, an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci bashi, an ci amana, an ci mutunci, kuma duk a ciki ba wanda ya kai loma baki. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana faɗin waɗannan kullum ba tare da ya buɗe ƙamus ba.

Bayan sun sami ƙwarin gwiwa, sai ki kawo musu wadda ba su sani ba da gaske. Ni na fi son karin magana a wannan aiki, domin gajere ne, kuma kowace kalma a cikinsa aiki take yi. Na taɓa gwada "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" a kan wasu yara 'yan cikin birni waɗanda ba su taɓa kwana a ɗakin ciyawa ba. Wani ya ce jinka dutse ne, wata ta ce buhun hatsi. Ban ce musu kun yi kuskure ba. Cewa na yi, me kuka gani a jimlar? Yarinyar ta ce, "Malam, ai abu ne da ake ɗauka, kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya." Wannan amsa ta faranta mini rai ƙwarai, don ta kamo fiye da rabin ma'anar. Sai na zana musu rufin nan mai tsini da ake haɗawa a ƙasa da itace da ciyawa, maza su taru su ɗaga shi su aza a kan ginin ɗaki.

Ki lura da abin da ya faru, Malama. Muhalli ya nuna musu nauyi da girma, amma bai ce musu rufi ba ne. Iyakarsa ke nan, kuma ina jin takaici in na ga malami ya bar yara a kan hasashe, ya wuce. Hasashen da ba a tabbatar ba yakan zauna daram a kan yaro har girmansa. Don haka kowane darasi ya ƙare da tantancewa. Ƙamus ɗin nan guda ɗaya ya isa, in dai shi za a buɗe daga ƙarshe. In Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ne, wanda ya fito a 2006, to kin yi sa'a, domin da Hausa yake bayanin Hausa. Kalmar da ba a samu a ciki ba, ki ba su aikin gida su tambayi kakanninsu, gobe kowa ya zo da abin da aka gaya masa.

Abu ɗaya kawai za ki hana: kada yaro ya jefo amsa ba tare da ya nuna da yatsa kalmar da ta kai shi can ba.

Wani mai karatu kuma daga Maraɗi ya tambayi ma'anar "fafe" a cikin "Ba a fafe gora ranar tafiya". Malam, fafe gora shi ne a buɗe bakin busasshen gora, a ƙwaƙule 'ya'ya da totuwar da ke ciki. Bayan nan sai an jiƙa shi an yi ta ɗauraya na kwanaki kafin ɗacin ya fita, ruwa ya shawu a cikinsa. Matafiyin da ya fara wannan aiki da asubar ranar da ayari zai tashi, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya.