Tambaya da Amsa: In ci gaba da aikin gidana, ko in karɓi 'yar aiki?

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan manyanmu suke da hidimar gida. Ma'aikatan jinya da na sashen fisiyo (gashin ƙashi da motsa gaɓɓai) masu kula da tsofaffi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 71, maigidana ya rasu, yara duk sun yi aure. Ni ke yin shara da girki da wankina. Gwiwata ta dama na ciwo, kuma ina shan maganin hawan jini. 'Ya'yana sun dage sai sun ɗauko mini 'yar aiki in zauna in huta, ni kuwa zaman kawai ba ya karɓata. Me za ku ce? Hajiya, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida. Ki karɓi taimakon yaran, amma kada ki miƙa aikin gaba ɗaya. Idan babba ya daina motsi, naman cinya da na ƙwauri ne ke fara zubewa, alhali su ne ke ɗaga mutum daga tabarma, su kuma riƙe shi in ya yi tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci 'yan shekara 65 zuwa sama da su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma aikin gida na cikin lissafin. Sharar nan taki magani ce. Abin dubawa shi ne wane aiki ke ƙara miki ƙarfi, wanne kuma zai iya kayar da ke.

Akwai gwaji biyu da ake yi wa tsofaffi a asibiti, kuma za ki iya yin su a tsakar gida, muddin wani na tsaye kusa da ke. Na farko, a jingina kujera mai ƙwari da bango. Ki zauna, ki harɗe hannuwa a ƙirji, ki riƙa miƙewa sosai kina komawa, a ƙirga sau nawa kika yi cikin daƙiƙa 30. Ga mace mai shekara 70 zuwa 74, ƙasa da sau 10 alama ce ƙafafu sun yi rauni. Na biyu, a auna mita 3 daga kujerar. Ki tashi, ki je, ki juyo, ki zauna, da tafiyarki ta yau da kullum. Idan abin ya kai daƙiƙa 12 ko ya wuce, haɗarin faɗuwa ya ƙaru, kuma ya kamata likitanki ya sani.

Ko gwajin ya yi kyau, akwai ayyukan da muke so ki sallama. Duk abin da sai an taka kujera ko kifaffen turmi, kamar kakkaɓe yana, goge fanka, sauko da akwati daga saman sif, ki bar wa wani. Haka ɗaukar nauyi: jarka mai lita 20 cike da ruwa ta kai kilo 20, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuwa da nauyin ƙarfenta ta zarce haka. Jan guga a rijiya, surfe, matse bargo da labule, duk ba naki ba ne yanzu. Mafi muni shi ne wankin banɗaki, domin tayil da kumfar sabulu da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye sun isa su jawo karayar ƙugu. Ƙashin mace yana yin laushi bayan ɗaukewar al'ada, kuma tsofaffi da yawa ba sa komawa tafiyarsu ta da bayan irin wannan karaya.

Sauran ki riƙe abinki, sai dai a gyara yadda ake yi. A ɗaura tsintsiya a jikin doguwar sanda don ki yi shara a tsaye, kuma lokacin hunturu a yayyafa ruwa kaɗan kafin a fara. Ki bar kujera 'yar tsuguno: ita ke matse gwiwa, tashi daga kanta kuma shi ne wahalar. A ɗora bahon wanke-wanke da risho a kan teburi daidai ƙugu, ki gyara kayan miya a zaune kan kujera mai tsawo. A sauko da igiyar shanya daidai kafaɗa. Ruwa kuwa rabin bokiti, lita 5 ya isa, gara a yi sawu biyu. Ki yi aikin minti 15 zuwa 20, ki huta, ki ci gaba. Idan gwiwa ta wuce awa biyu tana zugi bayan kin gama, aikin ranar ya yi yawa, gobe a rage.

Wasu magungunan hawan jini kan kawo jiri idan aka miƙe farat ɗaya, musamman bayan dogon sunkuyo. Ki ɗan dakata ki dafa wani abu kafin ki ɗaga ƙafa. Idan jirin na dawowa ki gaya wa likita, kada ki ajiye maganin da kanki.

Tambaya: Iyayena suna Katsina, ni ina aiki a Abuja. Baba ya kai 80, Inna 74. Wata mata ta ce za ta kawo musu yarinya 'yar shekara 11 daga ƙauye, a riƙa ba matar kuɗin a hannunta. Ya dace? Wani mai karatu.

Amsa: Bai dace ba, Malam. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidan danginsa. Ko ba doka, yarinyar da ya kamata tana makaranta ba za ta iya tare Baba ba idan ya zame, ba za ta gane alamar shanyewar jiki ba, kuɗin da aka danƙa wa dillaliya kuma ba lallai ya isa ga mai gumin ba.

Ka nemi babbar mace, zai fi kyau 'yar unguwar, wadda mai unguwa ko liman ya san gidansu, kuma wani ya tsaya mata. A ajiye lambarta da ta wanda ya tsaya mata. A zauna gaban shaida a faɗi aikin dalla-dalla: ƙarfe nawa za ta zo, ƙarfe nawa za ta tashi, me ke kanta, me ba ya kanta, nawa ne albashi, wace rana ake biya, wace rana ce hutunta a mako. Rigima ta fi tasowa inda aka ɗauki mutum shara da wanki, sannan a hankali aka ɗora masa jinya ba tare da ƙarin kuɗi ba. A yi gwajin mako biyu, a biya ta a hannunta. Idan tana tarin da ya wuce mako biyu, a kai ta gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati masu kula da cutar. Wankan Baba da kai shi bayi, in ya zo ga haka, namiji za a nema.

A koya mata abu uku tun ranar farko. Kada ta haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid, domin suna fitar da iskar da ke sarƙe numfashi. Kada ta bar ƙasa a jiƙe ko ta sauya wa kaya wuri, tsoho da sabo yake tafiya cikin dare. Magani kuma ba ta ƙara ba ta ragewa. Katin banki da lambar sirri su zauna hannun iyali.

Tambaya: Kakarmu ta kori 'yan aiki uku, kowacce sai ta ce ta yi mata sata. Yaya za mu yi? Wata jika, daga Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, ku fara da dubawa ko kayan sun ɓata da gaske. Idan ana tsintar kuɗin a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, kuma Kaka tana maimaita tambaya ɗaya, tana mance tukunya a wuta, tana rikita raka'o'in sallah fiye da da, to zargin na iya zama alamar ciwon mantuwa. A kai ta asibiti, a daina musu da ita, a kuma wanke waɗanda aka zarga. Idan rikicewar ta zo ne cikin kwana ɗaya ko biyu, a je da gaggawa, domin ciwon fitsari ko hawa da saukar sukari na iya jawo ta.

Idan kuwa hankalinta garau yake, sau da yawa girmanta take karewa. Matar da ta yi shekara hamsin tana juya gida ba za ta ji daɗi a kawo baƙuwa a ce ta zauna ba. Ku sa ta cikin zaɓen mai aikin, makullin sito ya zauna hannunta, ita ke auna abinci, ita ke ɗanɗana miya, ita ke miƙa albashi. A fara da kwana biyu a mako, wanki da banɗaki kawai.

Tambaya: Fanshona ba zai ɗauki albashin wata-wata ba. Akwai mafita? Baba, daga Bauchi.

Amsa: Akwai, Baba. Ka sayi aikin ɗaya-ɗaya maimakon ɗaukar mutum. Ɗan garuwa ya juye ruwa har cikin randa, mai wanki da guga ya karɓi manyan kaya sau ɗaya a mako, hatsi a kai inji, mai gas ya kawo tukunya ya ɗaura da kansa. Jikoki su raba ranakun wankin banɗaki, a rubuta a manna a bango. Kuɗin da ya rage a kashe shi sau ɗaya a kan ƙarfen riƙo a jikin bangon bayi, da kujerar roba mai ƙwari ta wanka, da fitila mai caji a hanyar da kake bi zuwa alwalar asuba. Wurin alwalar ma a riƙa kankare gansakukarsa duk mako.