Gayyata zuwa ɓoyayyiyar mashaya a Osu

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka sun gayyace ka cin abincin dare a wata mashayar wiski da ba ta da allo a ƙofa, can unguwar Osu a Accra, kai kuma ba ka shan giya. Ɓoyon nan ado ne. Amurka suke kwaikwaya, lokacin da aka haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, mutane suka riƙa sha a asirce.

Haɗe-haɗen abin sha nake so ka kiyaye. Wiski a fili yake, barasarsa kashi 40 cikin ɗari ce ko fiye. Amma ko wanda suke kira moktel, wai marar giya, wasu na ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci, Angostura, don ƙamshi, ita kuwa barasarta ta haura kashi 44. Ka faɗa wa mai haɗawa ƙarara kada ya sa. Sobolo, wato zoɓo, da citta da lemon tsami ya isa. Abinci ma ka tambaya, don ana dafa wani romon nama da giyar inabi.

Gaskiya ni dai zama a teburin da ake sha bai kwanta min ba, kuma malamai sun hana. In suna sonka, ka ja su unguwar Nima ku ci tsire.