Fatawa: Mai juna biyu da ke ɗauke da HIV, wa ya wajaba ta sanar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Agege da cikin wata biyar, kuma a wurin awo aka shaida mini ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Ban gaya wa maigidana ba, maganin ma a ƙasan akwatin zannuwa nake ɓoye shi, ga uwar mijina za ta zo daga Arewa saboda wankan jego. Ba na iya barci, wani lokaci har mutuwa nake fata. Ina da zunubi a kan haka? Kuma wa ya wajaba in sanar?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya.

Baƙin cikin da kike ciki ba zunubi ba ne, kuma ba shaidar raunin imani ba ne. Nana Maryam, da naƙuda ta kama ta ita kaɗai tana tsoron bakin mutane, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, amma Allah bai zarge ta ba, sai aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, ta ci ta sha hankalinta ya kwanta (Suratu Maryam, 23 zuwa 26). Abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a hadisin Anas shi ne mutum ya yi fatan mutuwa saboda cutar da ta same shi, ya kuma koyar da a roƙi Allah rayuwa matuƙar ita ce mafi alheri. Abin da zuciya ta raya ba da son mai ita ba kuwa an yafe shi. Sai dai rashin barci da yawan kuka ga mai ciki ciwo ne da ake yi wa magani, don haka ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya a wurin awo, idan kuma tunanin ya kai ga cutar da kanki, kada ki kwana ba ki je asibiti ba.

Shan maganin a kan lokaci wajibi ne a kanki, domin haƙƙin rai biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa daga uwa, amma da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Abu Dabi a 1995, ta haramta zubar da ciki saboda wannan cuta, ta kuma tabbatar wa uwa haƙƙin reno da shayarwa matuƙar likita bai hana ba.

Mijinki wajibi ne ya sani, saboda ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, kuma shi ma yana buƙatar gwaji. Amma shari'a ba ta tilasta miki faɗa masa ke kaɗai a ɗaki ba, balle a gidan hayar Legas inda maƙwabci ke jin tarin maƙwabcinsa. Idan kina tsoron duka ko kora, ki nemi mai ba da shawara a asibitin ya kira ku tare ya yi bayanin. Ina kuma jan kunnen mazaje: gwaji ba ya nuna wanda ya fara kamuwa, cutar tana shiga ta jini da kayan aski ko allura marasa tsafta da kuma auren da ɗayan ma'auratan ya taɓa yi a baya, kuma jifan mace kamila da zina ba da shaidu huɗu ba laifi ne da Suratun Nur ta yanke masa bulala 80.

Uwar miji da kishiya da maƙwabta ba su da haƙƙin sani, domin cin abinci tare ko haɗa bayan gida ba ya yaɗa cutar, kuma dokar Najeriya ta 2014 ta hana tsangwamar masu ita. Inda za ki yi hattara shi ne lokacin jego. Tsofaffinmu, da kyakkyawar niyya, sukan ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo, alhali likitoci sun ce gauraya nono da wani abu a wata 6 na farko yana ƙara haɗarin kamuwa. Ki ce wa uwar mijinki cikin ladabi, "Inna, likita ya ce nono zalla, ga kuma maganin da ya ce a ba shi." Wannan gaskiya ce, kuma ɓoye sirri ba ƙarya ba ne. A kai yaron gwaji a sati na 6.

Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki tambaya a asibitin ko akwai iyaye mata masu irin lalurarki da suka haihu lafiya suke taimaka wa sababbi, ki kuma zaɓi mace ɗaya amintacciya, mahaifiyarki ko yayarki, wadda za ta tuna miki da magani ranar da jego ya sha kanki. Sanar da ita halas ne, zaɓin kuma naki ne.

Allah ne mafi sani.