Ku Tambaya, Mu Amsa: Wane Ne Bos Ɗin Bosawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne a Gangare, nan cikin Jos. Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a shagonmu. Maigidana ya ce a finafinan jarumai na Amurka babu bos kamar Thanos, tunda shi ne ya hallaka rabin halittu. Ni na ce Joker. Ƙaramin yaron shagonmu kuma ya kafe a kan Killmonger, har yana cewa shi ba bos ba ne, mai gaskiya ne. Don Allah ka raba mana.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaishe mini da maigidanka, ka kuma ba shi haƙuri, don ba zan goyi bayansa ba.

Mu da muka taso a gidajen kallo mun saba auna bos da ƙarfinsa, da yawan yaransa, da irin wuyar da akta ya sha kafin ya kayar da shi. Ni yanzu ma'aunina ɗaya ne: bayan an gama da bos ɗin, shin akta ya koma yadda yake da, ko kuwa an taɓa shi a wurin da ba zai warke ba?

Thanos, wanda Josh Brolin ya fito a matsayinsa a Avengers: Infinity War na 2018, an gyara shi sosai. A littafin zane na 1991 ya kashe rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana ta a siffar mace da yake so. Masu fim suka sauya masa dalili, ya zama mai cewa bakuna sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan. Har kuka ya yi lokacin da ya jefa Gamora, 'yar riƙonsa, daga kan dutse. Amma hujjarsa tana da rami, domin wanda ke da ikon shafe rabin mutane yana da ikon ninka hatsi. Kuma babu jarumi ɗaya da ya zauna ya ce anya mutumin nan ba shi da gaskiya. Sun yi baƙin ciki, sun sake shiri, sun rama a fim ɗin 2019. Ya ci su da yaƙi, bai girgiza musu ra'ayi ba.

Kai kuma da ka ce Joker, wanne daga ciki? Na Jack Nicholson a 1989 ɗan daba ne da ya faɗa cikin ruwan sinadari, mun san sunansa da asalinsa. Na Joaquin Phoenix a 2019 mara lafiya ne da aka yanke masa tallafin magani, gari ya yi ta taka shi har ya juye. Wasan ya yi kyau, ya ci kyautar Oscar, sai dai Batman, jarumin da ya saba karawa da Joker, yaro ne a fim ɗin, babu wanda zai kara da shi. Ina jin na Heath Ledger kake nufi, a The Dark Knight na 2008. Wannan ba shi da suna, ba shi da tarihi. Sau biyu ya ba da labarin tabon bakinsa, a farko ya ɗora wa mahaifinsa, a na biyu ya kawo zancen matarsa, kuma ba ka san wanne ne gaskiya ba. Ya tara kuɗi tuli guda ya cinna musu wuta. Abin da yake nema shi ne ya nuna cewa mutumin kirki ma in an matsa shi zai lalace. Ya yi nasara a kan Harvey Dent, lauyan gwamnatin da gari ya dogara da shi. Ya sa Batman ya saurari wayoyin mutanen gari duka a ɓoye, daga ƙarshe Batman ɗin ya ɗauki laifin kisan da bai yi ba, ya gudu 'yan sanda na binsa. Ledger ya rasu a Janairun 2008 kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi Oscar bayan rasuwarsa.

Yanzu ga yaron shagonku, wanda ya fi ku kusa da amsar.

Na kalli Black Panther a wani gidan sinima a Abuja a Fabrairun 2018. Akwai wurin da Killmonger, wato Michael B. Jordan, ya tsaya a gidan adana kayan tarihi a Landan yana tambayar Baturiya mai kula da wurin yadda kayan Afirka suka zo hannunsu. Wani dattijo a bayana, da hularsa zanna, ya ce a hankali, “Wallahi yaron nan ya faɗi gaskiya.” Ni ma tsigar jikina ta tashi. Sojojin Ingila sun kwashe kayan fadar Benin a 1897, wannan tarihi ne ba fim ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya tsaya gaban kawunan yumɓun Nok, ya san zafin a ce irinsu suna can wata ƙasa a cikin gilashi.

Kuma an zalunce shi da gaske. Sarki T'Chaka na Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a fim ɗin, ya kashe ƙaninsa, mahaifin Killmonger, a birnin Oakland na Amurka, ya bar marayan can don a rufe asiri. Ɗan sarauta ne da danginsa suka yar. Da ya girma ya dawo da tambayar da ba wanda ya iya amsawa: kuna da arziki da ilimi, kun rufe ƙofa, baƙaƙen fata na shan wuya a duniya, ina kuke?

Sai dai ka gaya wa yaron nan ya sake kallo da kyau. Mutumin ya harbe budurwarsa da hannunsa don ta zama masa cikas. Da ya hau gadon sarauta ya shaƙe wuyan dattijuwar da ke kula da lambun tsiron sarauta, ya sa aka ƙone lambun ƙurmus don kada a yi wani sarki bayansa. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Tun daga 2001 mun ga mutanen da aka cuta da gaske, suka ɗauki ramuwa, wutar ta ci har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Shi ya sa nake jin tausayin Killmonger har zuciyata, kuma ba zan taɓa kiransa mai gaskiya ba.

Abin da ya ɗora shi sama da sauran a wurina shi ne abin da ya yi wa T'Challa, aktan fim ɗin, ɗan T'Chaka da ya gaje shi, wanda marigayi Chadwick Boseman ya fito a matsayinsa. Sarkin ya tsaya gaban ruhin mahaifinsa da na kakanninsa ya ce musu sun yi kuskure, abin da ɗan sarki ba ya faɗa da sauƙi. Ya ɗauki ɗan'uwan nasa ya kai shi ya ga faɗuwar rana kafin ya cika. Sannan ya sayi benen da aka kashe baffansa a Oakland don ya mai da shi cibiyar taimako, ya buɗe Wakanda ga duniya. Bos ya mutu, amma ƙasar ta bi rabin maganarsa.

To ga hukuncina: Killmonger na ɗaya, Joker ɗin Ledger na biyu da tazara kaɗan, Thanos na uku. In aikin ɗinki ya yi sauƙi, ku sa a tura muku Black Panther a waya ku kalla ku uku a shago. Idan an zo wurin ƙona lambun, ku tsayar da fim ɗin, ka tambayi yaron me ya gani.